A Bar Dattijo Ya Danna da Hannunsa

A gidaje da yawa na Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yawuri, idan aka saya wa dattijo babbar waya, abin da ke biyo baya sananne ne. Ɗa ko jika ya karɓa ya kai wa mai shagon caji, a buɗe adireshin Gmail cikin minti biyar, a sauke WhatsApp da Facebook, a zuba karatu da wa'azi a memori, a dawo wa Baba da ita a ce an gama. Ba wanda ya rubuta kalmar sirrin da aka sa, ba wanda ya tambayi da sunan wa aka yi rajistar layin. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, lambobin mutane sun tafi, asusun ma ba a san hanyar shigarsa ba. Wannan muke kira taimako. A ganina yawancinsa ɗaure mutum yake yi, ya bar shi kullum yana jiran wani.

Dattawa ba su nemi shiga wannan harka ba, tura su aka yi. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a nan Birnin Kebbi, kuma sai da asusun banki da BVN ake shiga. A Disamban 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har aka kai ga rufe layuka. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta ɓace, mai albasa a Aliero da mai kifi a Yawuri suka koma karɓar tiransifa ko su koma gida da kayansu. Ɗan fanshon tarayya da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD yanzu ta waya yake tabbatar da cewa yana raye. Maniyyaci in ya sauka Makka, da WhatsApp yake jin muryar iyalinsa. Gardamar ko ya dace tsoho ya shiga intanet ta wuce, domin yana ciki. Abin da ya rage shi ne ko makullin na hannunsa ko na hannun wani.

Gwamnati na da nata shirye-shiryen, irin 3MTT da aka fara a 2023 don horar da matasa sana'o'in kwamfuta. Babu laifi. Sai dai wanda zai iya cike fom ɗin shiga ta intanet ya riga ya haye. Dattijuwar Kalgo ko Bunza da ba ta san bambancin katin kira da data ba, ba da ita ake ba. Bitar kwana ɗaya a babban ɗakin taro ma ba ta kai mata: mutum ɗari a kujeru, majigi a bango, mai jawabi yana nuna wayar da ba irin tata ba yana cakuɗa Hausa da Turanci, a raba lemo da kuɗin mota a watse. Hotunan dai suna kyau a Facebook.

Wuraren da karatun koya wa dattawa waya zai zauna suna nan tun tuni. Islamiyyar matan aure tana da ɗalibai, da lokaci, da malamar da mazaje suka riga suka yarda da ita. Majalisar ƙofar masallaci tana cika kullum bayan la'asar. Ƙungiyoyin manoman shinkafa da na 'yan fansho suna da rajistar mambobi, haka zumuntar mata a coci-cocin Zuru. Abin da ake buƙata shi ne minti arba'in daga zaman da dama ake yi, sau biyu a mako, na kamar wata biyu. Mai koyarwa ɗaya kada ya wuce mutum huɗu, domin Itel ɗin wannan da Tecno ɗin wancan ba wuri ɗaya suke ajiye abubuwa ba, kuma kowa a kan tasa zai koya. A zauna a zaure ko inuwa, don a rana fuskar waya ba ta ganuwa. Wanda kuma ya buɗe aji lokacin dashen shinkafa ko girbi, shi da tabarmarsa zai zauna.

Wa zai koyar? Masu shiri daga nesa sukan ce kowa ya koya wa iyayensa, sun manta da kunyar da ke tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari da wasu iyayen ko sunansa ba sa faɗa. Uba ba zai tambayi abu ɗaya sau uku a gaban ɗansa ba. Zai ce ya gane alhali bai gane ba. Jika ya fi, saboda wasan da ke tsakaninsa da kaka yana ɗauke nauyin kuskure: ta danna ba daidai ba, ya tsokane ta, ta rama, a sake. Amma jikan nan shi ne mai cinye data a kallon ƙwallo, kuma bai kamata ya san lambar sirrin asusu ba. Wanda ya fi duka shi ne tsara, irin malamin makaranta mai ritaya ko tsohuwar ma'aikaciyar jinya da suka riga suka iya. In sa'arka ya yi abu a gabanka, uzurin tsufa ya faɗi. Ɗaliban jami'ar Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da kwalejin Waziri Umaru, da masu hidimar ƙasa, aikinsu su horar da waɗannan, su kuma warware abin da ya cije. Mata kuwa mata su koya musu, a sanar da maigida tun farko.

Doka ɗaya ce ba a sassautawa: hannun mai koyarwa ba ya taɓa wayar ɗalibi. Ya nuna a kan tasa, ko ya yi nuni da murfin biro, amma yatsan da zai danna na mai wayar ne. Da wuya ƙwarai. Matashi yana kallon abin da zai yi cikin daƙiƙa biyu yana ɗaukar Baba minti uku, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya ce kawo in yi maka, kuma daga nan karatu ya ƙare. Abu ɗaya ake yi a zama ɗaya, a maimaita har ɗalibi ya yi shi sau uku a jere ba a ce masa komai ba, sannan a rufe wayar ya sake daga farko. Tun ranar farko ya san maɓallin baya da na tsakiya. Babban abin da ke hana dattijo taɓa waya tsoron kada ya ɓata ta ne. In ya san duk inda ya ɓace danni ɗaya zai dawo da shi, sai ya saki jiki. Sababbin wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin shafa daga gefe, babu maɓallan ƙasa uku, sai an shiga saitin waya an dawo da ukun nan.

Zaman farko bincike ake yi. Layuka da yawa da ke hannun tsofaffi na ɗa ne, ko na mijin da ya rasu, ko an saye su da rajistarsu a bakin titi. Ranar da irin wannan layi ya ɓace, kamfani ba zai sabunta shi ba sai ga wanda NIN ɗinsa ke kai, in kuma shi ne layin da banki ke turo saƙo, an shiga uku. Lambar *996# ita ce ta harkar haɗa layi da NIN. In akwai shakka a je ofishin kamfanin a gyara tun ana zaune lafiya. A nemo katin da aka ɓallo sim daga jikinsa, a kansa lambar PUK take, wadda ke buɗe sim in ya kulle. Adireshin Gmail in ba a san kalmar sirrinsa ba a sabunta ta a ranar, a sa lambar mai wayar a matsayin ta farfaɗowa maimakon ta mai shago, a kuma mayar da ajiyar sunayen mutane kan wannan adireshi. Da haka ko waya ta nutse a gulbi, sunaye suna dawowa a sabuwa. Duk wannan a rubuta a ƙaramin littafi da zai zauna a akwati, kada a cusa takardar cikin rigar waya kamar yadda aka saba.

Sau da yawa abin da ake ɗauka rashin ganewa, rashin gani ne. Daga shekara arba'in ido yana fara kasa karanta ƙananan rubutu a kusa, kuma dattijo ba zai ce ba ya gani ba, sai dai ka ga ya miƙar da hannu ya nisanta wayar. Tabarau na karatu masu lamba +1 zuwa +3 suna warware wa mutane da yawa. Wanda ba su yi masa ba a tura shi asibiti, ƙila yanar ido ce. A ƙara girman rubutu, a tsawaita lokacin mutuwar fuskar waya daga daƙiƙa 15 ko 30 zuwa minti biyu, don takan mutu daidai lokacin da mutum ke laluben harafi. Yatsa ma na da nasa. Hannun da ya shekara hamsin a kan fartanya ko jan taru ya yi kanta, ga bushewar hunturu, gilashi ba ya jin sa sosai. Sai mutum ya danna da ƙarfi ya daɗe, waya kuma ta ɗauka so yake ya matsar da alama ko ya goge ta. Ɗan man shafawa na taimakawa, haka alƙalamin waya mai kan roba, kuma a sashen sauƙaƙa amfani akwai wurin tsawaita lokacin dogon danni. Dalilin nan ne ke sa kulle waya da zanen yatsa ke wahalar da manoma. Lambobi shida sun fi musu. Shafin farko a bar masa alamomi huɗu ko biyar kawai.

Da yawa daga dattawan ƙasar Gwandu da Kabi da ba su yi boko ba suna karanta Larabci da ajami tiryan-tiryan. A ƙara musu allon rubutun Larabci a Gboard, manhajar haruffan waya, su ajiye sunayen mutanensu da haruffan da suka sani, kowane suna da hotonsa. Akwai tarko guda a lambobi: biyar ɗin Larabci tana kama da sifilin boko, shidan Larabci kuma tana kama da bakwai. Idon da ya saba da lambobin shafin Alƙur'ani yana iya rikita su, kuma a asusun da lambarsa ita ce lambar waya, irin na OPay da PalmPay, kuskuren lamba ɗaya na iya kai kuɗi hannun baƙo. Lambobi kaɗai sun cancanci zama guda.

Ƙofar shiga ita ce saƙon murya, wanda bai damu da ko Hausa kake yi ko Zabarmanci, Fulatanci ko Dakarci ba. Matsalarsa riƙe alamar makirufo: tsoho yakan saki yatsa kafin ya gama sallama. A koya masa jan alamar sama ta kulle, ya yi maganarsa hannu sake, sannan ya tura. Aikin gida na farko ya gaida ɗansa da ke Legas ko Kano, ya saurari amsa. Daga nan kiran bidiyo, daga nan hoto: ganyen shinkafar da ya yi ja a tura wa malamin gona, takardar magani a tura wa ɗiya da ke aikin asibiti. Kowa da buƙatarsa ake fara masa. Mai ƙuli-ƙuli ba ta da aiki da imel.

Data ce ke sa mutane da yawa su jefa babbar waya a durowa su koma ƙarama, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sauƙin da aka samu shi ne tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a duk kamfanoni: *310# duba kuɗin kira, *312# sayen data, *323# duba ragowarta. Ɗalibi ya gane kuɗin kira daban, data daban, kuma data na da wa'adi. Rubutu da saƙon murya ba su da ci. Bidiyo ne mai ci, awa ɗaya na kallo mai tsabtar hoto na iya lashe kusan gigabayit guda. Amma asarar da ta fi ciwo ita ce wadda waya ke yi da kanta. A WhatsApp a hana saukar hotuna da bidiyo kai-tsaye, in ba haka ba guruf ɗin dangi da na unguwa za su cinye data su cika memori. A Play Store a hana manhajoji sabunta kansu. Masu shirya aji su kiyaye wannan musamman: in aka raba intanet daga waya ɗaya ko na'urar MiFi, kowace waya tana iya ɗauka ta samu Wi-Fi na banza, duka su hau sabuntawa lokaci guda, datar wata guda ta ƙare a zama ɗaya. Sai an kashe sabuntawar ake ba da lambar shiga. In kuɗin kira na raguwa ba dalili, galibi an shigar da layin tsarin waƙar kira ko makamancinsa. *305# ke fitar da shi, tura STOP zuwa 2442 kuma na tsayar da saƙonnin talla. Mutanen Kamba, Dole Kaina da Lolo na da ƙari: waya na iya kama sabis ɗin Nijar ko Benin a caje su kuɗin ƙetare suna zaune a ɗaki, saboda haka su zaɓi kamfanin layi da hannu.

Zaman da ya fi kowane nauyi shi ne na 'yan damfara, kuma a nan nasiha ba ta isa, sai atisaye. Dattijonmu ya tashi a kan amsa sallama da girmama mai kira. Wanda ya kira shi da cikakken sunansa, ya ce daga banki ne, ya karanto masa ranar haihuwa, ya gama da shi. Ɗan damfara kuwa da Hausa mai daɗi yake zuwa, da insha Allahu da komai: an rufe BVN, ko sunan Baba ya fito a tallafi, ko za a yi taron ƙungiya ta intanet ana buƙatar lambar da aka turo yanzu. Ƙa'idar gajeriya ce. Lambar da ta shigo ta saƙo, da lambar sirri, da lambobin jikin katin ATM, ba a faɗa wa kowa ko da ya ce shi manaja ne, domin banki ba ya tambayarsu. Sai a gwada: mai koyarwa ya fita waje ya kira, ya yi muryar ma'aikaci, ya matsa, ya yi barazanar rufe asusu. Ɗalibi ya ce, “Zan zo ofis da kaina,” ya kashe. Kashe waya a kan mutum abu ne mai nauyi ga wanda ya girma da kunya, shi ya sa sai an maimaita har baki da yatsa su saba.

A WhatsApp, lambobi shidan da ake turowa lokacin rajista su ne duk abin da ɓarawo ke nema. In ya same su ya ɗauke asusun, ya bi 'yan uwa yana roƙon kuɗi da sunan Alhaji, kuma saboda mutuncin Alhaji ake turawa. Rigakafin minti biyu ne: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a sashen asusu, mai wayar ya zaɓi lambobi shida da kansa, mai koyarwa ya juya baya. Kada su zama ranar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. In an riga an sace, a sake rajistar lambar a wayar mai ita, sabon saƙo zai shigo ya fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana bakwai, a cikinsu a kira dangi a sanar. Duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko da sunan ɗanka ne da hotonsa, a kira a ji murya tukuna.

Harkar kuɗi ita ke zuwa ƙarshe, kuma ba kowa ne sai ya sa manhajar banki ba. Tsarin da ya fi kwanciyar hankali a raba biyu. Babban asusu, inda fansho ko kuɗin shinkafa ke shiga, layinsa ya zauna a ƙaramar waya a gida; na cefane shi ne a babbar waya, a riƙa zuba masa abin da in ya ɓace ba za a yi kuka ba. Sim ɗin banki a sa masa lambar sirri, domin ɓarawon waya sim yake cirewa ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya shiga gwada lambobin bankuna. Sai dai a yi shi a natse: kuskure uku sim ya kulle sai da PUK, kuskure goma a PUK sim ya mutu. Ranar da waya ta ɓace banki ake fara rufewa, sannan layi. Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga wayar wani. Kowa ya tambayi ta bankinsa ya rubuta tun ranar ba ta zo ba.

Al'adar miƙa wa mai POS kati a faɗi lambar sirri da baki a gaban jama'a dole a kashe ta. Mutum ya duba adadin da ke kan na'ura, ya danna da kansa, ya kare da ɗaya hannun, ya karɓi rasit ko da an ce kuɗin bai fita ba. Su ma masu POS a jawo su cikin shirin, su riƙa juya na'urar ga mai kati ba sai ya roƙa ba. Mai turawa ya karanta sunan da ya fito kafin ya sa lambar sirri. Mai karɓa kuma, musamman matan da ke sana'a a cikin gida, kada ta saki kaya don an nuna mata hoton rasit ko alat ya shigo, domin ana ƙirƙirar duka biyun. Ta duba ragowar kuɗinta da kanta, in ya ƙaru shi ke nan.

Akwai batun gado da ba a son tayarwa. Kuɗin da ke asusun waya ba shi da takarda a gida. In mai shi ya rasu ba wanda ya sani, haƙƙin marayu ya maƙale, layin kuma in ya daɗe a kwance kamfani ya karɓe ya sayar wa wani. A littafin nan a rubuta sunayen bankuna da lambobin asusu, ban da lambobin sirri, amintacce ɗaya ya san inda yake.

'Ya'ya kuma su daina tura wa iyaye ragowar wayar da suka gaji da ita, mai fasasshen gilashi da batirin da ba ya kai azahar, sannan su ce tsoho ya kasa. A nemi mai ma'ajiyar gigabayit 32 zuwa sama, da batir mai lamba 5000, da lasifika mai ƙarfi. Zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 yana kumbura batir, don haka ba a caji a rana ko ƙarƙashin matashi. Wayar da za ta shagon caji ta tafi a kulle, sim ɗin banki kuwa ba ya zuwa can.

Wanda ya shigar da mutum yana da alhakin gaya masa abin da zai tarar. A 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ne ya sa mutane wanka da ruwan gishiri da shan sa, har aka rasa rayuka. MMM ta rushe a ƙarshen 2016, CBEX a 2025, kowace da kuɗin waɗanda aka ce za a ninka musu. Wasu manhajojin bashi suna kwashe lambobin da ke waya, in an makara biya su bi dangi da surukai da saƙon cin mutunci. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, irin masarautar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara, tsohon bidiyon hari daga wata ƙasa na iya tayar da gari. Dattijo na da nauyin baki, abin da ya tura ana ɗauka ya tabbata. A nuna masa kibiya biyun da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka yi ta yaɗawa, a gaya masa in bai san wanda ya fara faɗa ba, saƙon ya tsaya a kansa.

Masu cewa wannan buɗe ƙofar ɓarna ce, musamman ga mata, ban raina damuwarsu ba; abin da ke yawo a TikTok ba duka ne na gani ba. Amma wayar ta riga ta shiga gida, a hannun yara take, kuma uwar da ba ta iya buɗe ta ba ita ce ba ta da ta cewa a kan abin da suke kallo. Dattijon da ya ce ƙaramar wayarsa ta ishe shi kuwa da gaskiyarsa. A koya masa karanta alat, da ɓoye lambar sirri, da kashe kiran ɗan damfara, ya tafi abinsa.

Abin da ke kashe irin wannan shiri a ɗora shi a kan sa kai zalla. Matashi zai zo mako biyu da zafinsa, a na uku ya samu aikin da ke kawo kuɗi. Kwamitin masallaci ko ƙungiya ya yanke abin da za a riƙa ba shi na mai da data, ko ɗalibai su riƙa ba da na Laraba kamar a makarantar allo. Ɗan siyasa in ya kawo gudunmawa, tabarau da na'urar caji ta sola sun fi rabon wayoyi amfani. Ranar buɗewa a faɗa a bainar jama'a cewa mai koyarwa ba ya karɓar kati ko NIN ɗin kowa, ba ya yi wa kowa tiransifa. Wannan yana kare ɗalibi, yana kare shi ma daga zargi.

Jarrabawar fita a aikace take. A ba mutum wayarsa a kashe: ya kunna, ya duba ragowar data, ya aika saƙon murya, ya yi kiran bidiyo, ya kashe data, sannan wani da bai san muryarsa ba ya kira ya nemi lambar da aka turo. Wanda ya faɗa ya koma zaman damfara. Bayan yaye aji a bar awa ɗaya a mako da wani zai zauna a wuri sananne don masu tambaya, saboda manhajoji na canja fuska ba sanarwa, maɓallin da ke sama jiya ya koma ƙasa, wanda ya haddace wurinsa kawai sai ya tsaya cik. A wannan zaman ake duba ko memori ya cika, ko an cusa mutum a guruf ɗin da bai sani ba, ko wata manhajar bashi ta shigo ta hannun jika.